Ribar da ba ta kwana a gida: yadda manyan kamfanoni ke zille wa haraji

A watan Fabrairun 2021 mutanen Kano sun wayi gari babu adaidaita sahu a kan titi. Ma'aikata suka taka sayyada zuwa ofis, 'yan makaranta suka yi cirko-cirko a bakin hanya, masu motocin ɗaukar kaya suka koma lodin mutane. Naira 100 ce ta jawo wannan yajin aiki, wadda aka ce kowane direba ya riƙa biya kullum.

Mu ƙaddara direban nan, bayan ya sha mai ya kuma kai wa mai keke balas ɗinsa, naira 3,000 ce ke saura a aljihunsa. Naira 100 a cikin 3,000 ta ɗan haura kashi uku cikin 100. To, a riƙe wannan lissafi. A shekarar 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta bayyana cewa a 2014 babban reshen kamfanin Apple da ke ƙasar Ireland, wanda ake tara masa ribar cinikin Turai, ya biya harajin kashi 0.005 cikin 100. Wato a duk ribar yuro miliyan ɗaya, yuro 50 ya bayar. Idan aka auna da abin da kowa ya samu, nauyin da ke kan direban namu ya ninka na Apple sau ɗari shida da ɗoriya. Kuma Apple bai ɓoye komai ba, takardunsa a cike suke, da hannun hukumar harajin Ireland a kai.

Nan ne mutane da yawa kan ruɗe, domin abu biyu ake haɗawa. Akwai ƙin biyan haraji: ka yi ciniki ka ɓoye, ka buga rasit na ƙarya, ka ajiye littafi biyu, ɗaya naka ɗaya na hukuma. Wannan laifi ne, yana kai mutum gidan yari. Shi ne irin na makiyayin da, wanda da ya ji masu ƙirgar jangali sun doso sai ya kora rabin garken cikin daji. Akwai kuma zille wa haraji, inda ba ka ɓoye ko saniya ɗaya ba, amma ka tsara al'amuranka ta yadda idan mai ƙirga ya zo da dokarsa a hannu, dokar ce da kanta za ta ce ba ka da abin biya.

Dabarar ta girmi kamfanoni. Duk wanda ya zauna gaban malami ya yi babin zakkar dabbobi ya ji hadisin da ke cikin wasiƙar Sayyidina Abubakar, cewa kada a haɗa abin da yake rabe, kada kuma a raba abin da yake haɗe, don gudun zakka. Imamu Malik ya kawo misalin a fili. Mutum uku, kowa da tumaki 40, kowa tunkiya ɗaya ce a kansa, uku ke nan. Da sun hango mai karɓar zakka sai su gwamutsa garken ya zama 120, wanda tunkiya ɗaya tak ke kansa. Ko kuma abokan tarayya biyu, kowa da 101, a haɗe 202, tumaki uku ke kansu. Sai su raba, kowa ya ba da ɗaya. Babu tunkiyar da aka ɓoye, ƙidaya daidai take, amma haƙƙin miskini ya ragu. Abin da lauyoyi da akantocin manyan kamfanoni ke karɓar maƙudan kuɗi su yi a yau ke nan, sai dai su garkensu riba ce, kuma tsakanin ƙasashe suke raba ta.

Ga yadda abin yake tafiya. Haraji a kan riba ake ɗora shi, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin da aka kashe. Kamfanin ƙasa da ƙasa kuwa gida ne mai ɗakuna da yawa: uwa tana wata ƙasa, rassa suna warwatse a ƙasashe hamsin ko ɗari, kuma doka tana kallon kowane reshe a matsayin mutum mai zaman kansa. Rassan nan suna saye da sayarwa a tsakaninsu. Wa ke yanka farashi idan mai saye da mai sayarwa duk aljihu ɗaya ne? Mai aljihun.

Bari mu ƙirƙiri kamfanin sabulu don misali, masana'antarsa a Najeriya, uwarsa a Turai. Ya yi cinikin naira biliyan 10 a shekara, ya kashe biliyan 7. Riba biliyan 3, harajin kamfanoni kashi 30 cikin 100, gwamnati ta tashi da miliyan 900. Sai masu ba da shawara suka shigo. Manjan da ake sayowa daga Malesiya, jirgi zai ci gaba da kawo shi kai tsaye Legas, amma a takarda wani reshe a Dubai ne zai saya ya sayar wa masana'antar da ƙarin biliyan ɗaya. Sunan sabulun, wanda matan Najeriya suka sani tun suna 'yan mata, an mayar da mallakarsa ga wani reshe a Holan, don haka duk shekara za a biya miliyan 500 kuɗin aron suna. Wani reshe a Suwizalan zai turo takardar neman miliyan 500, ladan shawarwarin gudanarwa. Maimakon uwa ta zuba jari, sai reshen Mauritius ya ba masana'antar bashi, kuɗin ruwa miliyan 700. Yanzu ribar da ta rage a Najeriya miliyan 300 ce, harajinta miliyan 90. Akwai ɗan abin da hukuma ke yanka a kan kuɗin aron suna da na shawara da na ruwa kafin su fita, yawanci kashi 10, sai a ce an ƙara miliyan 170. Duka-duka 260 a maimakon 900. Injin bai motsa daga inda yake ba, ma'aikata ba su ragu ba, sabulun da aka sayar a Kantin Kwari da Onitsha bai ragu da ko sanda ɗaya ba.

Wanda ya ɗauka tatsuniya ce ya dubi Accra. A 2010 ƙungiyar ActionAid ta bi diddigin kamfanin giya na Accra Brewery, mallakar SABMiller a lokacin, ta tarar da waɗannan ƙofofi huɗu duk a buɗe: kuɗin suna zuwa Holan, kuɗin gudanarwa zuwa Suwizalan, sayen kaya da bashi ta Mauritius. Shekaru biyu a jere kamfanin bai biya harajin riba ba. Wata mata mai ɗan kanti kusa da katangar masana'antar, wadda ke sayar da kayan kamfanin, ita kuwa tana biyan nata, har ya zama ta fi shi biyan harajin kuɗin shiga. SABMiller ya musanta cewa yana zille wa haraji, ya ce yana bin dokar kowace ƙasa.

A Birtaniya ma haka. A 2012 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya gano cewa Starbucks, mai shagunan sayar da kofi, ya yi cinikin sama da fam biliyan 3 tun shigarsa ƙasar a 1998, amma harajin ribar da ya biya a duk tsawon shekarun fam miliyan 8.6 ne. A gaban hukumar haraji asara yake nunawa, a gaban masu hannun jari kuma yana yabon kasuwar Birtaniya. Da majalisa ta kira shugabannin Starbucks da Amazon da Google, shugabar kwamitin, Margaret Hodge, ta gaya wa wakilin Google cewa ba karya doka ake zarginsu da shi ba, rashin ɗa'a ake zarginsu da shi. Da jama'a suka fara ƙaurace wa shagunan, Starbucks ya ce ya ɗauki alƙawarin biyan fam miliyan 20 cikin shekara biyu. Abin ya ba wasu dariya, ni ma har da ni: haraji ya koma kamar gudummawar ɗaurin aure, mai bayarwa ne ke yanka wa kansa.

Shari'ar Apple ta fi koyar da darasi, saboda wanda ya tsaya masa. Dabararsa ita ce kusan duk ribar ana rubuta ta da sunan wata hedikwata wadda ba ta da ofis, ba ta da ma'aikaci, ba ta kuma zaune a kowace ƙasa ta fuskar haraji. Tarayyar Turai ta ce Ireland ta karɓo yuro biliyan 13. Ireland ta ce ba ta so. Gwamnati guda ta ɗauki lauyoyi, ta haɗa kai da kamfanin, ta shiga kotu don kada a ba ta kuɗi. Sun yi nasara a 2020, sannan babbar kotun Tarayyar Turai ta juya hukuncin a Satumban 2024, shekara takwas bayan fara rigimar. Ireland ba hauka ta yi ba. Arzikinta ta gina shi ne a kan zama masaukin irin waɗannan kamfanoni, ta san idan ta saɓa wa baƙo ɗaya sauran za su fara ɗaure kaya.

Wannan ya kawo mu kan abin da, a ganina, ya fi yi mana ciwo a nan gida, kuma aka fi kawar da kai daga gare shi. Ba kullum ne ake yi wa gwamnati wayo ba. Sau da yawa ita ce ke miƙa kuɗin da hannunta, da sunan jawo masu zuba jari. Daga dokar 1971 har zuwa ƙarshen 2025 Najeriya tana da tsarin hutun haraji ga masana'antun da aka ɗauka sababbi ne a fagensu: shekara uku, ana iya ƙara biyu. Kamfanin iskar gas na NLNG, wanda NNPC ke da kashi 49 a ciki, sauran kuma na Shell da Total da Eni, shi doka ta musamman aka yi masa, aka ba shi shekara goma. A 2016 ActionAid ta ƙiyasta abin da ƙasar ta rasa daga kason kamfanonin uku na waje a kan dala biliyan 3.3. Masu kare tsarin suna cewa ba don rangwamen ba da ba a gina masana'antar ba, kuma tun ƙarewar hutun ta biya biliyoyin daloli. Hujja ce mai nauyi. Sai dai iskar gas ba ta da ƙafa. Mai shagon kofi yana iya komawa wani gari, amma wanda ke son gas ɗin da ke ƙarƙashin Neja Delta dole nan zai zo.

Yuraniyom ɗin Arlit da ke Nijar ma ba shi da ƙafa. Shekara da shekaru rassan kamfanin Areva na Faransa, SOMAÏR da COMINAK, suna aiki a kan yarjejeniyoyin da suka yafe musu haraji iri-iri. Nijar ta yi sabuwar dokar ma'adinai a 2006, kamfanin ya ce ba ta hau kansa ba. Sai da yarjejeniyoyin suka ƙare a ƙarshen 2013, aka shafe watanni ana ja-in-ja, ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB suna zanga-zanga a Yamai, kafin a Mayun 2014 Areva ya yarda a yi aiki da dokar, wadda ke iya ɗaga kason gwamnati daga kashi 5.5 har zuwa 12 gwargwadon riba. Shekara takwas doka tana rubuce, baƙo yana cewa shi ban da shi.

Nawa Afirka ke rasawa gaba ɗaya? Kwamitin da tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya jagoranta ya ce a 2015 sama da dala biliyan 50 ke sulalewa duk shekara ta hanyoyin da ba su dace ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku ta harkokin kamfanoni ne, cin hanci ƙaramin kaso ne a lissafin. A 2020 hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta kai adadin dala biliyan 88.6. Ƙiyasi ne, domin abin da aka tsara don kada a gani ba ya ƙirguwa daidai.

Gwamnati kuwa ba ta fasa kashe kuɗi don riba ta gudu. Juyowa take kan wanda ba ya iya gudu. Ma'aikaciyar jinya ba ta taɓa riƙe cikakken albashinta a hannu ba, kafin alat ya shigo an riga an zare haraji. Ba ta da reshe a Mauritius da za ta biya kuɗin aron sunanta. A Fabrairun 2020 harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan abin da mutum ya saya, ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, kuma shi ba ya tambayar wane ne kai, katin waya ɗaya mai gadi da mai gida suke biyan abu guda. Ka tura naira 10,000 ta banki, naira 50 ta tafi. Mai kayan miya a kasuwa kafin ta yi cinikin fari mai tikiti yana tsaye a kanta. Ga kuma ɗan kasuwar gida, mai ƙaramar masana'antar sabulu a Sharaɗa ko Bompai, wanda ba shi da 'yan uwa a Dubai da Holan: shi zai biya cikakken haraji, sannan ya je kasuwa ya yi gogayyar farashi da wanda ya biya kwata.

Ko a wajen rigima da hukuma ba ɗaya ba ne. A 2018 ministan shari'a Abubakar Malami ya nemi MTN ya biya dala biliyan 2 na bashin haraji, kamfanin ya tafi kotu, a Janairun 2020 aka janye buƙatar aka mayar da batun ga hukumar haraji da kwastam. A 2021 hukumar haraji ta tarayya, FIRS, ta ce tana bin MultiChoice, mai DStv, naira tiriliyan 1.8, a 2024 aka sasanta a kan dala miliyan 37.3. Wataƙila adadin farko ne aka zuzuta, wataƙila na ƙarshe ne aka sassauta, wannan ba hujjar laifi ba ce a kan kowa. Abin lura shi ne babba yana da kujera a teburin sulhu, yana da shekarun da zai jira. Mai shago zuwa yake da safe ya tarar da kwaɗo a ƙofarsa.

Kamfanonin suna da tasu amsa, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa mu muke ɗaukar dubban ma'aikata, mu muke samar wa kanmu wuta da ruwa da tsaro, wani lokaci har titi, sannan hukumomi barkatai na tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa da tasa takardar. Gaskiya ne. Suna kuma cewa dubi biliyoyin da muke zuba wa gwamnati. A nan sai a bi a hankali, domin cikin adadin da suke shelantawa galibi har da VAT da harajin albashin ma'aikata, waɗanda kuɗin jama'a ne, su masu tarawa ne kawai. Amsar da suka fi ƙarfi a kai ita ce: idan doka ba ta yi muku ba, ku gyara ta. Sai dai ranar da aka zo gyaran, su ne a sahun gaba da lauyoyinsu da barazanar kwashe jari.

An gwada gyaran a matakin duniya. A Oktoban 2021, ƙarƙashin ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki, ƙasashe 136 suka amince cewa duk kamfanin da cinikinsa ya kai yuro miliyan 750 a shekara ya biya aƙalla kashi 15, ko ina ya kai ribarsa. Idan tsibirin da ya fake bai karɓa ba, wata ƙasa ta karɓi cikon. Ƙasashe huɗu suka ƙi sa hannu a lokacin: Najeriya, Kenya, Pakistan da Sri Lanka. Hujjar Najeriya ita ce ɗaya ɓangaren yarjejeniyar, mai raba haƙƙin karɓar haraji ga ƙasashen da ake ciniki a cikinsu, ya shafi kamfanonin da cinikinsu ya haura yuro biliyan 20 ne kawai, sannan ana so ƙasa ta ajiye nata dokokin na karɓar haraji daga kamfanonin intanet. Ta auna ta ga abin da za ta saki ya fi wanda za ta kama. Daga nan ƙasashen Afirka suka kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda kowa ke da ƙuri'a ɗaya. Najeriya ce ta gabatar da ƙudurin a madadinsu a Nuwamban 2023, ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi, akasarinsu masu arzikin. Da Donald Trump ya dawo mulki a Janairun 2025, ranar farko ya ce yarjejeniyar OECD ba ta hau kan Amurka ba, a watan da ya biyo baya kuma wakilan Amurka suka fice daga tattaunawar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Haraji ba abin wasa ba ne a siyasar ƙasar Hausa. Da yaƙi da haraji da jangali NEPU ta shiga zukatan talakawa, kuma soke su na cikin abin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka fara yi da hawansu mulki a 1979. Talaka bai ƙi biya don rowa ba, ya ƙi ne don yana ganin wanda ake kamawa a shanya a rana da wanda ba a tambaya. Matasan Kenya da suka kutsa majalisar ƙasarsu ranar 25 ga Yunin 2024, kan dokar kuɗin da tun farko ta nemi ɗora VAT har a kan burodi, wannan ciwon ne ya fito da su.

Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, sun taɓa ɓangarorin biyu. An yafe naira 800,000 ta farko a kuɗin shigar mutum na shekara, abin da ya biyo baya kuma ya fara daga kashi 15. An kuma ce manyan kamfanoni da rassan na ƙasa da ƙasa kada harajinsu ya gaza kashi 15 na riba. Mu a Arewa hayaniyar rabon VAT tsakanin jihohi ce ta cinye mana hankali, wannan sashe bai samu ko rubu'in muhawarar ba. Ma'aikaciyar jinyar nan da kamfanin da cinikinsa ya fi kasafin kuɗin jiharta yanzu duk kashi 15 ake ambata musu.

Amma kashi 15 na wace riba? Idan an riga an kwashe ta ta Dubai da Holan, kashi 15 na miliyan 300 za a karɓa. Najeriya tana da ƙa'idojin farashi tsakanin rassa tun 2012, aka sabunta su a 2018, kuma dokar kuɗi ta 2019 ta taƙaita kuɗin ruwan da reshe zai iya cirewa kan bashin 'yan uwansa na waje. Ƙa'idar ita ce a yi farashi kamar tsakanin bare da bare. A kan manja wannan mai sauƙi ne, jami'in haraji zai duba farashin kasuwar duniya na ranar. A kan sunan sabulu fa? Babu kasuwar da ake sayar da shi, babu na biyunsa da za a kwatanta. Kamfani zai ajiye rahoto mai shafi ɗari biyu daga babban kamfanin akantoci cewa miliyan 500 daidai ne, jami'in kuma shi ne zai nemo hujjar cewa ba daidai ba ne, da fayil goma irin wannan suna jiran sa a kan tebur. Tun 2018 doka ta wajabta wa manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa su miƙa bayanin cinikinsu da ribarsu da ma'aikatansu da harajinsu ƙasa bayan ƙasa, takardar da za ta nuna reshe mai ma'aikaci uku da ribar biliyoyi. Hukumar haraji kaɗai ke ganin ta. Tarayyar Turai ta yi dokar a riƙa wallafa irin wannan bayani a 2021, Ostireliya ta bi sahu a 2024. A Najeriya har yanzu a cikin durowa yake.